Ruwan Wankin Akushina

Ku da kuka daɗe kuna bina kun san ba na iya ba da labari a gurguje, sai ku yi haƙuri da ni. Wanda kuma yau ya faɗo, sunana Nari, shekarata talatin da ɗaya, 'yar birnin Daegu ce ni. Lokacin da abin nan ya faru kwanana tamanin da bakwai a wani ƙaramin gidan ibada na mata masu zuhudu a kan dutse, ban furta kalma ko ɗaya ba. Akwai ɗan katako da nake ratayawa a wuya, an rubuta "shiru" a jikinsa. Alkawarin kwana ɗari na ɗauka. Na kuma rubuta wa shugabar gidan, Sunim Jiwol, takarda cewa ranar da kwanakin suka cika ina so ta aske mini kai in zauna da su gaba ɗaya. Ta karanta, ta ninke, ta sa a hannun rigarta, ta ce, "Za mu gani." Amsar nan nake jira.

Kada ku ɗauka tsananin ibada ne ya hawo da ni. Wata goma sha huɗu na yi ina jinyar mahaifina, amma ranar da Appa, kamar yadda muke kiransa, ya rasu ba na gida. Mahaifiyata Omma ce ta matsa mini in fita in ga Mansu, mutumin da ƙanwarta ta haɗa mu da shi, ta ce Appa barci yake, in je in sha iska. Haɗuwarmu ta uku ke nan. Muna cin taliya mai sanyi, yana ba ni labarin ɓeran da ya tarar ya yi gida a injin ɗumama ɗakin wata tsohuwa, don gyaran injinan nan ne sana'arsa, ni kuma ina ta dariya, wayata tana jaka na kashe mata ƙara. Kira goma sha ɗaya na tarar. Ban yi kuka a wurin makoki ba, bayansa ma ban yi ba. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Na rufe ɗaki wata takwas da 'yan kwanaki, Omma tana ajiye mini tire a bakin ƙofa, tana dawowa ta ɗauke. Da na gaji da jin takunta a bayan ƙofar sai na haɗa jaka. Ni na ƙirga kwanakin da kaina yadda ranar cikar ɗarin za ta faɗo daidai da ranar cikar shekara da rasuwar Appa, don kada ranar ta same ni a gida. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ku.

Ranar Lahadi ake ba ni wayata na awa ɗaya. Ba na amsa wa kowa, karantawa kawai nake yi in mayar. A Lahadin da ta gabata saƙo uku na tarar.

Na Omma: "Nari-ya, saura kwana goma sha tara a shirya wa Appanki teburin tunawa da shi. Gwiwata ba ta barina in tsuguna gaban kasko. Wa zai soya wainar? Kina cin abinci?"

Na yayata da ke aure a Busan: "Ke kaɗai kika yi rashin uba ko? Kin haye dutse kin bar tsohuwa tana cin abinci tana kallon bango. Kuma ki sani uwar Mansu ta gaji da jira, ta samo masa wata mai kantin magani. Ki zauna nan ki zama waliyyiya."

Na Mansu hoto ne, kamar kullum. Tun bazara ya ɗebi irin barkonon Appa ya shuka a bokitan da ke kan rufin gidanmu, yana zuwa ba su ruwa. A hoton sun yi ja. Ƙarƙashinsa ya rubuta: "Sun nuna. Babu buƙatar amsa."

Na karanta duka ukun na kashe wayar. Da a ce na ji haushin yayata ma da na gode. Ban ji komai ba, sai dai na lura farcena ya yi tsawo.

Aikina a kicin yake, ƙarƙashin Kaka Boksun, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu wadda ba ta aske kai ba amma ta fi wasu masu askin daɗewa a gidan. Ita kaɗai ce katakona bai dama ba.

"A wuyanki yake, ba a nawa ba," haka ta ce mini tun ranar farko. "Ke yi shirunki, ni in yi surutuna, a tashi kowa ya samu lada."

Aikin kicin ya yi mini daidai saboda abu ɗaya. Idan kowa ya tafi zaure cin abincin rana tare, ni sai in zauna a kan wata kujerar roba a bayan kicin in ci nawa ni kaɗai, ina kallon randunan daddawar waken suya. An koya mini tsarin cin abincin zauren a makon farko, na zauna sau biyu, daga nan na riƙa zamewa. Babu wanda ya ce mini kanzil.

Ranar Asabar ɗin, ranar karɓar baƙi ce, ina yanka awara sai na ji kukan mota tana fama da hawan dutsen. Kaka Boksun ta leƙa taga.

"Farar mota mai tsani a ka. Mai gyara muka kira? Af, ga wata ta fito da hular rana kamar faranti. Ke, zo ki gani, tafiyarku iri ɗaya."

Omma ce. Ta sa jakit ɗinta na hawan dutse mai ruwan makuba, an nannaɗe mata gashi sabo, amma furfura ta fito a gindinsa. Ta rame. A hannunta na hagu agogon Appa ne, ya yi mata yawa, yana zamewa har bayan hannu tana tura shi sama. Bayanta Mansu ne rungume da kwali, cikin farar riga da aka goge har ƙarin guga ya fito, da sabon takalmi wanda daga ganin tafiyarsa yana matsa masa. Rana ta ƙona masa wuya. Ni kuwa ina cikin wandon gidan mai ruwan toka da farin takalmin roba, gashina ɗaure da robar da na cire daga damin alayyafo.

Omma ta tsaya gabana, ta kama katakon ta juya shi, ta duba bayansa kamar za ta ga farashi.

"Ashe da gaske ne. To ni ba a rataya mini ba. Dubi wuyanki. Me suke ba ki a nan, ganye da iska?"

"Muna ba ta, 'yar'uwa, ita ce take ci kamar mai shan magani," in ji Kaka Boksun.

"Tun tana ƙarama haka take, sai an bi ta da cokali. Mansu, ajiye kwalin mana, ka tsaya kamar an dasa ka."

Ya ajiye, ya rusuna mini. "Nari-ssi. Na san ba kya magana. Omonim ce, mahaifiyarki, ta ce in kawo ta, hanyar ba ta da bas."

"Ƙarya yake, akwai bas," Omma ta ce. "Shi ya ce saboda gwiwata."

Kunnensa ya yi ja. Na rusuna masa kamar yadda nake yi wa kowane baƙo, na koma kan awarata.

Daga cikin kwalin Omma ta fito da wata 'yar kwalba, garin barkono ne bai kai rabi ba. Na gane murfin, shuɗi ne mai tsagewa a gefe.

"Na ƙarshen wanda mai gidana ya shanya da hannunsa ke nan," ta gaya wa Kaka Boksun. "Ina ta ajiya, ina buɗewa ina rufewa. Gara a ci shi a wuri mai tsarki."

Kaka Boksun ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, wannan karon ba ta yi barkwanci ba. A kan awarar da na yanka ta barbaɗa shi, da man riɗi.

Na ɗauki tirena zan zagaya baya sai na ga Sunim Jiwol a bakin ƙofa. Gajera ce, tana da tabarau mai kauri, ba ta ɗaga murya.

"Yau a zaure za ki ci."

Na nuna mata tukwanen da ba a wanke ba.

"Na ga hannunki. Tukwane ba sa gudu. A zaure."

Sahu biyu aka yi a zauren, ana fuskantar juna. A namu mu bakwai ne: wata tsohuwar Sunim, wato mai zuhudu, mai shekara tamanin da ɗaya a farko, sai Kaka Boksun, sai wasu baƙi mata da miji, sai Omma, sai ni, Mansu a ƙarshe. Ban san ko da gangan aka jera mu haka ba. Kowa ya kwance ƙyallensa ya jera akusansa huɗu, na shinkafa, na miya, na mahaɗi, da na ruwa mai tsabta wanda ba a taɓawa sai ƙarshe. An yi wa baƙi bayani tun kafin a zauna, don da zarar an buga sandar gora sau uku babu mai magana kuma. Ka ɗebi abin da za ka iya cinyewa. Ka ajiye yankin danmuji guda, ɗan rawayan kayan lambun nan da ake jiƙawa ya yi tsami, kada ka ci, da shi za ka goge akusanka idan an zuba ruwan zafi, sannan ka cinye shi ka shanye ruwan. Bayan nan ka ɗauraye da ruwa mai tsabtar nan ka juye a bokitin da za a zagayo da shi. Ruwan bokitin na fatalwoyi masu yunwa ne, waɗanda maƙogwaronsu bai fi ƙofar allura ba, ƙwayar gari ɗaya tana iya shaƙe su. Shi ya sa dole ya koma fes yadda ya zo. Idan aka ga datti a ciki, ba a tambayar na wane ne, duk sahun za su raba su shanye.

Aka buga gora, muka fara ci. Ina tauna awarar nan da barkonon Appa a kanta, ban ji komai ba, kamar ina tauna soso. Idona yana kan hannun Omma. Duk lokacin da ta ɗaga akushi agogon sai ya zame, sai ta tsaya ta tura shi. Sau shida na ƙirga. Ina cikin ƙirgar ne na ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a bakina. Na duba akushin mahaɗi. Na cinye danmujina.

Mai butar ruwan zafi ta riga ta taso. Akushina kuwa duk man riɗi ne da jan gari manne a gefe. Na zauna ina kallonsa.

Sai na ga cokali yana matsowa a hankali ta gefen damana, har ya taɓa bakin ƙyallena. A kansa yankin danmuji ne. Mansu bai kalle ni ba, kansa a sunkuye, yatsa ɗaya kawai ya sa yana turowa.

Ga shi nan, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Ku yarda da ni, ba fushi nake da shi ba, bai yi mini komai ba. Kawai dai rabona da in karɓi wani abu daga hannun mutumin nan tun ranar da ya miƙo mini ruwan tsami in zuba a taliya, wayata tana ta haske a jaka. Hannuna ya ƙi tashi daga cinyata. Na kawar da kai na kalli bango. Aka zuba mini ruwan zafi, na jujjuya shi haka nan na shanye. Aka sake buga gora, cokalin ya koma inda ya fito.

Da na zuba ruwa mai tsabtar a akushin sai mai ya taso sama, jajayen ƙwayoyi suna yawo a ciki. Abin da ya kamata in yi shi ne in shanye kayana, kada in zuba ko ɗigo. Na sani sarai. Amma bokiti ya iso gabana, mai riƙe da shi ta rusuna, hannuna ya juye kafin hankalina ya iso.

Aka kai wa Sunim Jiwol bokitan biyu. Ta duba na ɗaya sahun ta gyaɗa kai. Ta duba namu, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Sahun hagu," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Aka dawo da bokitin ana zuba wa kowa a akushinsa. Tsohuwar Sunim ce ta fara. Ta ɗaga da hannu biyu ta shanye, ta goge baki kamar shayi aka ba ta. Kaka Boksun ta shanye. Matar baƙon nan ta runtse ido ta toshe hanci, mijinta yana shafa mata baya. Babu wanda ya waiwayo ya dube ni, kuma wannan ya fi mini nauyi a kan a zage ni. Sai Omma. Ta kalli ruwan, ta ga jan garin yana yawo, na san ta gane shi. Ta tura agogon sama, ta sha a hankali, har ta sa yatsa ta lakato ƙwayar da ta manne a gefe ta kai baki.

Na ɗaga nawa. Ruwa ne mai ɗumi-ɗumi, mai ƙarnin mai, ruwan wankin kwanon mutum bakwai. Na haɗiye. Can ƙasan maƙogwarona wani abu ya ɗan cije ni. Na tsaya. Yaji ne. Appa yakan ce barkononsa ba ya gaisawa a baki, sai ya wuce yake waiwayowa. Kusan shekara guda rabon da in ji ɗanɗanon wani abu, sai ga shi a ruwan datti. Ban yi kuka ba, kada ku sa rai. Na dai zauna da yajin nan a wuyana, ban so ya tafi ba.

Da aka fito Kaka Boksun ta dafa ƙugu a tsakar gida. "Shekara ashirin ina dafa wa gidan nan abinci, yau na sha miya sau biyu. Ko wane ne, na gode masa, gishiri ne kawai bai ji ba." Baƙin suka yi dariya, har matar da ta toshe hanci.

Sunim Jiwol ta yafito ni zuwa wurin randunan. Ta zaro takardata daga hannun riga, ta yi laushi don ninki.

"Na ga abin da ya turo miki. Na kuma ga kin gani."

Na sunkuyar da kai.

"Cinye danmuji ba komai ba ne, ni sau uku na yi ina sabuwa. Wadda ke gefena ta ba ni rabin nata, na karɓa. Ke kin ɗauka nan wurin ɓuya ne? Mu goma sha biyar ne a gidan nan, na san mai minshari, na san mai ɓoye alewa a cikin safa. Bokiti ɗaya muke zubawa har mu mutu. Wadda ba za ta iya karɓar yankin danmuji daga na kusa da ita ba, ya zan yi da ita shekara arba'in?"

Ta kama hannuna ta sa takardar a ciki.

"Shirun ya yi miki amfani, ban ce bai yi ba. Da kika zo ko tsintsiya ba kya iya riƙewa. Amma ya isa haka. Ki sauka ki soya wa mahaifinki waina. Ki ci abinci da uwarki a teburi ɗaya kwana ɗari. Duk ƙarshen wata ki hawo ki yi kwana biyu, ɗakinki yana nan, katakonki yana nan. In bayan haka har yanzu askin kike so, ni da kaina zan wasa askar."

Na nuna mata yatsu, goma da uku, kwanakin da suka rage.

"Na iya lissafi. Na kuma san ranar da kika auna." Ta juya ta tafi abinta.

Na daɗe tsaye a wurin. Ban ji an kore ni ba, ban ji an sake ni ba. Ƙafafuna ne dai suka bi gangaren zuwa inda ake ajiye motoci.

Omma tana zaune a kujerar baya, ƙofa a buɗe, ta cire takalmi tana matsa gwiwa. Mansu yana tsaye jikin motar. Da ya gan ni sai ya miƙe sosai.

"Nari-ssi, kada ki ɗora wa kanki duka. Na tsaya jira har lokaci ya ƙure, ban goge nawa ba, haɗiye shi kawai na yi. Rabin dattin nan nawa ne."

"Ka ji shi," Omma ta ce. "Ana rabon gado, shi yana rabon datti." Ta kalle ni daga sama har ƙasa, muryarta ta sauka. "Ba zan ce ki zo ba. Na faɗa har na gaji. Yajin Appanki dai yana nan yadda yake, ko?"

Na gyaɗa kai. Ta kawar da fuska tana gyaran hular da ba ta karkace ba.

A daidai lokacin wayar Mansu ta yi haske a mariƙinta kusa da sitiyari. Gilashin a sauke yake, harafin wayarsa kuma manya ne irin na masu aiki da safar hannu. Ban yi niyyar karantawa ba. Daga mahaifiyarsa ne: "Gobe Lahadi ƙarfe biyu. Yarinyar ta rufe kantin maganinta saboda kai. Ka sa farar rigar."

Na kalli farar rigar da ke jikinsa, mai ƙarin guga. Wani abu ya sake cizona, wannan karon ba a maƙogwaro ba. Na kai hannu bayan wuya. Igiyar katakon ta ƙulle don daɗewa, sai da na yi amfani da dogon farcen nan kafin ta kwance. Na buɗe baki, iska ce ta fara fita. Na sake gwadawa, muryar ta fito a shaƙe kamar ta wata tsohuwa.

"Za ka je?"

Omma ta saki gwiwarta. "Kwana tamanin da bakwai. Na hawo dutse da ƙafa ɗaya da rabi, na sha ruwan wankin kwanonki, ban samu ko sannu ba. Sai a kan namiji bakin ya buɗe." Tana faɗa tana matsawa can ƙarshen kujera, tana janye jakarta daga inda mutum zai zauna.

Mansu ya kalli wayar, ya kalli katakon da ke hannuna. Sannan ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo mini, irin yadda ya turo cokalin, a hankali, ba tare da ya dubi idona ba.

"Amsar tana da ɗan tsawo," ya ce. "Daga nan zuwa Daegu awa biyu ne."